Waful na garin alkama zalla: me ke sa shi nauyi, kuma ina gyaran yake?

Ummu_Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga masu ilimin gashe-gashe, a kan waful, wato fanken nan mai ramuka da ake gasawa a injin ƙarfe mai murfi. Idan aka ɗauki ma'aunin waful na fulawa aka sauya fulawar da garin alkama wanda ba a cire masa dusa ba, sai ya fito da nauyi, cikinsa cunkus, bayansa kuma ba ya yin ƙaras-ƙaras, minti biyu ya saki. Wani lokaci ma ya rabe biyu ya manne a injin. Shin dole sai an haɗa da fulawa, ko akwai yadda za a yi shi da alkama zalla ya yi kyau? Manufar ita ce karin kumallo mai lafiya, don haka ana son a rage mai da suga iya ragewa.

Anti_Rabi:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, amsarki tana cikin jimlarki ta ƙarshe. Rage mai shi ne yake kashe waful, ba alkama ba. Man da ke cikin ƙullun shi ne yake soya bayan waful a jikin ƙarfen, shi ne kuma yake sa ya saki injin ba gardama. Ga ma'aunin da ke aiki da alkama zalla:

Garin alkama giram 240, bekin foda cokalin shayi 2 da rabi, gishiri rabin cokalin shayi, suga babban cokali 1, ƙwai 2, madara mililita 450, man girki mililita 80.

A haɗa busassun a kwano ɗaya a juya su sosai don bekin fodar ta ratsa ko'ina. A kaɗa ƙwai da madara da mai a wani kwanon, a juye a kan garin, a juya da maburgi har dai a daina ganin busasshen gari, a tsaya. Ƙananan gudaji ba laifi ba ne. Sai a rufe a bar shi minti 15 kafin a zuba na farko. Wannan yana ba da waful 6 matsakaita, wani injin 7.

Uwargida_77:
Mai mililita 80?! Anti ina lafiyar kuma?

Anti_Rabi:
Raba shi shida ki gani. Kowane waful bai kai babban cokali ɗaya ba, tunda babban cokali mililita 15 ne. Za a iya saukowa zuwa 60 a samu abu mai kyau. Ƙasa da haka kuma sai dai a yi ta shafa wa injin mai kowane zubi, ka ga an kori mai ta ƙofa ya dawo ta taga.

Malam_Sikeli:
Bari in yi bayanin minti 15 ɗin nan da Anti ta ce, don shi mutane suka fi tsallakewa. Ƙwayar alkama kashi uku ce: farin cikin da ake yin fulawa da shi, wanda shi ne kusan kashi 83 cikin ɗari, sai dusa kusan kashi 14, sai ɗan idon da ke tsirowa, kusan kashi 3. Dusa tana shan ruwa fiye da fulawa, amma a hankali take sha. Shi ya sa da an gama kwaɓawa ƙullun yake kama da ya yi ruwa, bayan kwata ɗin awa kuma sai a tarar ya yi kauri. Wanda ya gasa nan take zai samu dusar ba ta jiƙa ba, tana ƙasa-ƙasa a baki. Wanda kuma ya ga ruwa-ruwan farko ya tsorata ya ƙara gari, to shi ne mai waful kamar bulo.

Don haka kada a yanke hukunci kan kaurin ƙullu sai bayan ya huta. Daidai shi ne ya zubo daga ludayi a jere, ya bazu da kansa a hankali. Idan yana faɗowa gaɓa-gaɓa, a ƙara madara babban cokali biyu ko uku.

Abu na biyu, a auna gari da sikeli. Kofi ɗaya zai iya zama giram 120 idan an zuba da cokali aka share saman, zai iya haura giram 150 idan an dumbuza kofin cikin garin aka danna. A kofi biyu bambancin ya kai giram 60, rubu'in ma'aunin gaba ɗaya ke nan.

Maman_Ilham:
Wanda ba shi da sikeli fa, Malam?

Malam_Sikeli:
Ya fara barbaza garin da cokali don ya saki, ya riƙa ɗiba da cokalin yana zubawa a kofin awo har ya yi tozo, ya share saman da bayan wuƙa. Kar ya girgiza, kar ya danna. Kofi biyu irin wannan ya yi kusa da giram 240.

Hajiya_Turai:
Ni dai ban yarda a ce dole alkama zalla ba. Ga mai farawa, ko gidan da yara ba su saba ba, rabi da rabi ya fi: alkama 120, fulawa 120, madara a rage ta zuwa 420. Daga baya a riƙa ƙara alkamar. Abincin da aka ture a faranti ba shi da amfani ko da faiba, wato harzar abinci mai taimakon ciki, ta cika shi.

Kuma ba kowane garin alkama ne ɗaya ba. Akwai jar alkama mai ƙarfi da ake yin burodi da ita, dusarta na da ɗan bauri. Akwai farar alkama, ita ma garinta cikakke ne da dusarsa, amma ɗanɗanon ya fi sauƙi. Akwai kuma alkama mai taushi wadda furotin ɗinta bai da yawa, ita ce ta fi dacewa da waful da kek. A niƙa ma akwai bambanci: mai laushi sosai irin atta, garin alkamar Indiyawa, yana shan ruwa da yawa, mai tsakin dusa manya kuma yana son hutu ya fi minti 15, a ba shi rabin awa.

Zee_Kicin:
Game da baurin da Hajiya ta ambata, a cire madara mililita 60 a maye da ruwan lemon zaƙi. Ba za a ji ɗanɗanon lemo ba, baurin ne kawai yake kwanciya. Kirfa rabin cokalin shayi ma tana rufe shi. Amma a bambanta bauri da ɗaci. Idan ɗaci ne na gaske mai tsayawa a maƙoshi, garin ne ya tsufa. Idon alkamar nan yana da mai, kuma mai yana lalacewa, musamman a wuri mai zafi. A shinshina garin kafin a kwaɓa: mai kyau ƙamshin hatsi yake yi, lalatacce kuma warin tsohon mai. Babu suga ko kirfar da za ta gyara wannan. A ajiye garin a mazubi mai murfi a firij ko firiza, kar a yi masa ajiyar fulawa.

Abban_Hanif:
Kowa yana ta maganar ƙullu, an bar injin. Rabewa biyun da Ummu_Sadiq ta ce, sau da yawa ba laifin kwaɓi ba ne, buɗewa da wuri ne. Fitilar injin zafin ƙarfe take aunawa, ba nunar waful ba. Abin dubawa shi ne tururi. Muddin yana fita da ƙarfi ta gefe, cikin bai gama ba. Idan ya ragu ya koma siriri, a ɗaga murfin kaɗan; in ya yi gardama a mayar a ƙara rabin minti. Yawanci minti 4 zuwa 5 ne, na alkama kuma yakan fi na fulawa ɗaukar lokaci saboda ruwan da ke cikinsa ya fi yawa.

Sannan a bar injin ya yi zafi sosai, aƙalla minti biyar kafin zubin farko, a kuma ba shi kamar minti ɗaya tsakanin waful da waful don zafin ya dawo. Ana son ƙarfen ya kai wajen digiri 190 zuwa 200. Idan aka zuba ƙullu ba a ji "cuuu" ba, turara shi ake yi ba gasawa ba, kuma turararren waful ba ya ƙaras-ƙaras.

Launi yana yaudara a nan. Ƙullun alkama dama ruwan ƙasa ne tun yana ɗanye, sai mutum ya buɗe ya ga launi ya zaci ya yi.

Uwargida_77:
Man feshin nan na gwangwani ya halatta a injin?

Abban_Hanif:
Gara a bar shi, Uwargida. A kan ƙarfe mai rufin hana kamu yana barin wani danƙo ruwan ƙasa da ke taruwa a lungunan, kuma danƙon nan shi yake jawo kamun daga baya. Ɗan mai a burushin kicin ko a naɗaɗɗen tishu kafin waful na farko ya isa, in dai ƙullun na da mansa. Kuma kar a zaƙulo waful da cokali mai yatsu na ƙarfe, yana kankare rufin. Tsinken katako ko na roba mai jure zafi.

Dije_Mai_Obin:
Sakin da yake yi bayan minti biyu kuwa, tururin cikinsa ne yake fitowa ya jiƙa bayan. Kuskure biyu ne ke ƙara shi: ɗora shi kai tsaye a faranti, da jera su ɗaya kan ɗaya. A ɗora kowanne shi kaɗai a kan ragar ƙarfe don iska ta ratsa ƙasansa. Idan ana son a gama duka kafin a zauna ci, a sa ragar a obin mai zafin digiri 95 zuwa 100. Kar a rufe da murfi ko leda, rufewa daidai take da jiƙawa.

Ga dabara kuma: daga cikin giram 240 ɗin a cire 30 ko 40 a maye da sitacin masara. Sitaci ba shi da gulutin, wato furotin ɗin alkama mai sa ƙullu danƙo, yana bushewa ya yi ƙamas a jikin ƙarfe, kuma ya fi daɗewa bai saki ba.

Ummu_Sadiq:
Anti Dije, to ai an fita daga alkama zalla ke nan.

Dije_Mai_Obin:
An fita kam, da kusan kashi ɗaya cikin bakwai. Ke za ki zaɓa. In ba ki so, ki yi amfani da mai maimakon bota, shi ma yana taimakawa. Bota akwai ruwa a cikinta, wajen kashi 16 cikin ɗari, mai kuwa mai ne zalla, don haka bayan ya fi ƙarfi. Bota ta fi ƙamshi, wannan ba musu. Mai son ta ya tabbata madarar da ƙwan ba daga firij suka fito ba, don narkakkiyar bota na haɗuwa da madara mai sanyi take daskarewa ta koma 'yan gudaji, ta ƙi bin ƙullun.

Malam_Sikeli:
Akwai gyara ɗaya da nake so a yi kafin wani ya ɓata ƙullunsa. Sunan "baƙar hoda" yana rikita mutane, wani bekin foda yake nufi, wani bekin soda, alhali ba abu ɗaya ba ne. Bekin foda tana ɗauke da tsaminta a cikinta, da madara ta yau da kullum za ta tashi. Bekin soda kuwa sai ta samu abu mai tsami, kuma ƙarfinta ya ninka na fodar sau uku zuwa huɗu. Wanda ya zuba soda cokali 2 da rabi a ma'aunin Anti_Rabi zai ci waful mai ɗanɗanon sabulu.

Idan da yogot za a yi, ma'aunin ya koma haka: yogot marar suga giram 250, madara mililita 200, soda rabin cokalin shayi, bekin foda cokali 1 da rabi. Tsamin yana sa cikin ya yi taushi, sodar kuma tana sa ya yi ja da sauri, don haka a ɗan sa ido. In babu yogot, babban cokali ɗaya na ruwan lemon tsami a madara mililita 240, a bari minti 10.

Gwajin bekin foda: rabin cokalin shayi a ruwan zafi. Idan ba ta yi kumfa nan take ba, ta mutu, a sayi wata.

Maman_Ilham:
Tambaya: ƙullun da ya huta minti 15, bekin fodar ba ta gama aikinta a kwano ba?

Malam_Sikeli:
Yawancin ta kasuwa mai tashi biyu ce: kaɗan idan ta taɓa ruwa, sauran idan ta ji zafi. Kwata ko rabin awa ba ya cutar da ita. Wanda aka yi da soda ne ba a son ya daɗe, saboda ita tana haɗuwa da tsami take fara aiki. Kuma bayan hutun kar a sake bugawa, a ɗiba a hankali kawai.

Masaniyar_Abinci:
Bari mu koma kan kalmar "lafiya", don a nan ake yawan ruɗin kai. Ribar alkama cikakkiya gaskiya ce: giram 100 na garinta yana da faiba wajen giram 10 zuwa 11, fulawa kuwa wajen 3. A ma'aunin Anti, kowane waful yana ba da kusan giram 4, na fulawa kusan 1. Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar babba ya samu aƙalla giram 25 a rana, ka ga waful biyu sun biya kusan sulusi. Ga kuma magniziyam da sinadaran bitamin B da ke tafiya da dusa idan an tace.

Amma kar a ɗauka an samu lasisi. Garin alkama da aka niƙa ya yi laushi yana narkewa da sauri a ciki, yana kuma ɗaga sukarin jini kusan yadda fulawa ke yi. Mai ciwon suga ya lura da yawan da yake ci, ya haɗa da ƙwai ko yogot marar suga, kar ya ce ai alkama ce. Mai cutar rashin jure gulutin kuma, alkama cikakkiya ba tasa ba ce sam.

Inda ake asarar lafiyar ba cikin ƙullu ba ne, a samansa ne. Sugan da ke cikin ma'aunin babban cokali ɗaya ne a waful shida, bai kai a yi magana ba. Amma ramukan nan na waful suna shanye zuma ko sirof cokali uku ba a ankara ba, kuma babban cokalin zuma ɗaya yana da sukari wajen giram 17. Hukumar ta ce sukarin da ake ƙarawa kar ya kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin yini, wajen giram 50 ga babba, kuma zuma tana cikin lissafin. Cokali uku sun cinye rabon yini tun da safe. Yankakkun 'ya'yan itace da yogot sun fi, sai a ɗiga zuma cokalin shayi ɗaya in ana so. Jaririn da bai shekara ba kuwa ba a ba shi zuma ko kaɗan.

Uwargida_77:
To a cire sugan cikin ƙullun gaba ɗaya mana, tunda kaɗan ne.

Anti_Rabi:
Ana iya cirewa, sai dai zai fito fari-fari, ya kuma ɗauki lokaci kafin ya yi ja. Ba don zaƙi aka sa shi ba, don launi da ƙamshin gashi ne. Yawansa kuma matsala ne ta wani ɓangaren: ya wuce cokali uku, bayan ya ƙone kafin ciki ya nuna, ya kuma kama injin. Zuma a cikin ƙullu ta fi suga saurin ƙonewa, a rage zafi kaɗan idan ita aka sa.

Masaniyar_Abinci:
Ƙari ga masu hawan jini: bekin foda ma tana da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, cokalin shayi ɗaya daga miligiram 350 zuwa 500, ya danganta da iri. Idan aka haɗa da gishirin, kowane waful na iya kaiwa kusan 400, alhali iyakar yini 2000 ce. A mayar da gishirin rubu'in cokali.

Baba_Tanko:
'Ya'yana, duk wannan lissafin bekin foda, ga hanya mafi daɗewa kun bari: yis. Waful ya girmi bekin foda nesa ba kusa ba. Na birnin Burasel a Beljiyam da yis aka san shi, na Liyej ma haka, sai dai shi kwaɓinsa mai tauri ne kamar na burodi, da dunƙulen suga a ciki. Amurkawa sun san mai zurfin ramukan nan sosai ne daga baje kolin duniya na birnin Niyok a 1964, ko da yake tun 1869 Cornelius Swartwout ya yi rajistar ƙarfen gasa waful na kan murhu a can.

Ga alkama zalla, yis ya fi komai. Ma'aunin Rabi ɗin nan, a cire bekin foda, a sa yis mai saurin tashi cokalin shayi 1 da rabi. Madarar ta zama mai ɗumi kamar jikin mutum, wajen digiri 38. Mai zafin da yatsa ba zai jure ba kashe yis take yi. A kwaɓa da daddare a kwano babba, don zai ninka, a rufe a sa firij awa 8 zuwa 12. Da safe a juya sau biyu ko uku ya sauka, a gasa. Dusar ta kwana tana shan ruwa, babu ƙasa-ƙasa, cikin ya yi ramuka kamar soso, bayan kuma siriri mai ƙaras. Aikin safe ma ya ragu.

Masaniyar_Abinci:
Baba ya yi gaskiya, har da wata riba. Dusa na da wani sinadari, fayitet, da ke riƙe ayon da zink ya hana jiki ɗaukar su sosai. Doguwar jiƙa da tashin yis suna rage shi. Sodiyam ɗin bekin foda ma ya fita daga lissafi.

Hajiya_Turai:
Baba, a yi mini afuwa, amma ba kowa ke son ɗan tsamin yis da sassafe ba, yara musamman. Kuma idan ya wuce awa 24 a firij tsamin yana yawa, ƙullun ya saki. Mai son sauƙin nauyi ba tare da kwana ba, ya raba ƙwan: gwaiduwa cikin madara, farin a buga shi a busasshen kwano marar maiƙo har ya yi kumfa mai tsayawa. Bayan ƙullun ya gama hutunsa sai a zuba kumfar kashi biyu, ana naɗewa daga ƙasa zuwa sama da faffaɗan cokali. Ɗigon gwaiduwa ɗaya a cikin farin ya isa ya hana shi tashi. Injin mai zurfin rami shi ya fi buƙatar wannan, don ƙullu mai nauyi ba ya tashi ya cika ƙarfen sama, sai a samu gefe ɗaya ja, ɗayan fari.

Abban_Hanif:
Shi ya sa aka yi injin da ake juyawa. Da an rufe a kifa shi, ƙullun ya gangara ya cika ɗaya gefen. Yawan zubi ma a kula: a rufe kamar kashi biyu cikin uku na ƙarfen daga tsakiya, murfin zai baza sauran. An cika, ya tumbatso ta gefe. An yi ƙwauro, saman bai taɓa ƙarfe ba.

Maman_Ilham:
Za a iya yin na sati guda a ajiye?

Dije_Mai_Obin:
Sosai. A gasa su kaɗan ƙasa da yadda ake so, su huce sarai a kan raga, a jera a tire ɗaya-ɗaya a firiza awa ɗaya ko biyu, sannan a tattara a leda mai zif a matse iskar. Suna kai wata biyu lafiya. Daga firiza kai tsaye zuwa tosta, ko obin mai digiri 180 na minti 6 zuwa 8. Ban da maikurowef, roba yake mayar da su. A firij kuwa kwana biyu zuwa uku.

Ummu_Sadiq:
Allah ya saka da alheri, na ƙaru. Saura abu ɗaya da ban ji an tsaya a kai ba. Anti_Rabi ta ce mai kar ya gaza 60, amma ana cewa dakakkiyar ayaba tana maye gurbin mai. Gaskiya ne?

Zee_Kicin:
A kek tana yi, a waful rabi-rabi ne. Ayaba danshi da zaƙi take kawowa, ba ta soya komai. Idan ta maye man duka, waful zai yi laushi, ya yi baƙi da wuri saboda sukarinta, ya kama ƙarfe. Ayaba ɗaya nunanniya da mai mililita 45, a cire sugan, a rage madara da mililita 50, a sassauta zafin injin a ƙara minti ɗaya. Zai ciwu, amma kar a jira ƙaras-ƙaras.

Anti_Rabi:
45 ya yi kaɗan ga tsohon injin da rufinsa ya fara gajiya, Zee. A wannan sai an shafa mai kowane zubi, sama da ƙasa.

Baba_Tanko:
In kuma da yis za a yi, kar a sa ayabar da daddare, ƙullun zai yi duhu ya wuce tashi. A dama ta da safe a zuba dab da gashi.